Sojan da ya zo da madubin taurari: ayarin Tilho a ƙasar Arewa

Mutanen Arewa ba su manta da shekarar 1899 ba, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya. Sai dai kaɗan ne ke tuna wasu sojojin Faransa da suka biyo baya, ɗauke da madubin duban taurari da agogo da littafin rubutu.

Dalilin zuwansu iyaka ce. A yarjejeniyar 1898, Faransa da Ingila sun ja layi ta cikin Dallol Mauri, kwarin nan da ya ratsa ƙasar Tibiri da Dogon Dutsi, sa'an nan suka kewaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160. Wannan rabo ya hana Faransa hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka ɗora wa kyaftin Jean Tilho da takwaransa na Ingila, manjo O'Shee, aikin shata sabuwar iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Alamomi 148 suka kafa.

Ba a iya kafa alama sai an san ainihin matsayin wuri a doron ƙasa. Don haka hafsoshin suka riƙa kwana suna auna tsayin taurari, suna kwatanta shi da agogo. Garde ya binciki duwatsu, likita Gaillard ya tattara halittu da bayanin cututtuka, aka kuma auna tafkin Cadi a lokacin da arewacinsa ke ƙafewa. Shi kuwa tafinta Moïse Landeroin ya zauna da dattawan fada, ya rubuta jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe. Daga 1910 aka fara buga sakamakon a birnin Paris, ban da nahawu da ƙamus na Hausa da Landeroin da Tilho suka wallafa.

Haɗuwar soja da bincike ba baƙon abu ba ne: intanet ma ta samo tushe daga ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa a 1969. Amma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken. Awon da ya gyara taswira shi ne ya raba dangi, wasu a Nijar, wasu a Najeriya. Dattawan da suka yi wa Landeroin magana kuma sun san bindiga na bayan alƙalaminsa, kowa ya faɗi abin da zai tsare masa sarauta.

Duk da haka, mai neman tarihin wannan yanki ba ya tsallake waɗannan littattafai. Gado ne da ya zo ta hannun mai mulkin mallaka. Ya kamata ƴaƴan Arewa su karanta shi, su gwada shi da abin da kakanni da makaɗa suka riƙe.