Makunnin Da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Direba

Lokacin da na shiga aikin wayarin mota a Kaduna, Peugeot 504 ce ke cike da garejin maigidana, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a garin a 1975. A irin waɗannan motoci, aiki ɗaya ne da makunnin birki: direba ya taka, fitilar danja ta kama. Volkswagen Beetle kuwa nata makunnin a jikin tukunyar man birki yake, matsin mai ke kunna shi.

Tunanin ya girmi motocin nan. Tun 1914 wata 'yar fim a Amurka, Florence Lawrence, ta ƙirƙiro allon da ke ɗagawa a bayan mota idan an taka birki. Ba ta yi masa rajista ba.

Kayan bincikenmu a da ba su wuce ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya ba. A duba fiyus, a duba ƙwan danja, sannan yaro ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya taɓa bakin makunnin. In wuta na shiga ba ta fita alhali an taka, an kama mai laifi.

Daga Amurka nauyin makunnin ya ƙaru. Bayan ce-ce-ku-cen 1986 kan Audi 5000, da aka ce tana zabura da kanta, kamfanoni suka fara kulle giyar otomatik, ba ta barin P sai an taka birki. Sannan ƙwaƙwalwar mota ta shigo, ita ma tana jiran labari daga makunnin nan, har aka mayar da shi mai hanya biyu don ɗaya ta gaskata ɗaya. Daga 1996 dokar Amurka ta wajabta ramin OBD-II, inda muke jona na'ura yau. Da motocin Kwatano suka cika titunanmu, sai mutum ya zo yana cewa giya ta maƙale, ko ya danna maɓalli mota ta ƙi tashi, alhali ciwon yana ƙarƙashin ƙafarsa. A 2013 Hyundai da Kia sun janye motoci sama da miliyan ɗaya da rabi a Amurka saboda wannan ɗan abu.

Abin da ke damuna shi ne yaran yanzu. Na'ura ta nuna P0504, sai a ruga kasuwar Panteka sayen sabon makunni. Lambar cewa kawai ta yi hanyoyin biyu sun saɓa. Waya ce ta tsinke, soket ne ya yi tsatsa, ko saiti ne ya goce, wannan sai hannu. Sau da yawa ma wata 'yar roba ce a jikin fedar, mai danne kan makunnin, ta tsufa ta farfashe. Danja ta kwana a kunne, batir ya mutu, mai mota ya sayi sabon batir a banza. Shi ya sa nake sa yarana su fara duba kan tabarmar direba, ko za su ga ɓarɓashinta, kafin a ɗauko na'ura.