Jari mai manufa biyu: yadda yake aiki da abin da ya shafi manomin Musawa

Jari mai manufa biyu shi ne kuɗin da ake zubawa a wata harka bisa sharaɗin su dawo da riba, su kuma bar alfanun da za a iya aunawa a rayuwar jama'a, kamar ƙarin amfanin gona ko aikin yi. Ya bambanta da sadaka domin mai kuɗin yana jiran kuɗinsa. Ya bambanta da kasuwanci zalla domin idan alfanun bai samu ba, harkar ta gaza ko da an ci riba. An raɗa wa tsarin suna a 2007, a wani taro da Gidauniyar Rockefeller ta kira a Bellagio ta ƙasar Italiya.

A Musawa da sauran yankin Funtua da Malumfashi, inda masara da dawa da auduga ke riƙe da gidaje, giɓin da irin wannan jari ke son cikewa sananne ne. Manomi yana buƙatar kuɗin taki da faɗuwar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da kaka kuwa kowa ya fito da hatsi lokaci guda, farashi ya karye, ya sayar ala tilas domin biyan bashi. Wanda ya saya ya adana shi ke kwasar ribar bazara.

Misali mafi kusa shi ne kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a 2012, ya faro aiki a Jihar Kaduna. Manoma kan haɗu a ƙananan ƙungiyoyi na waɗanda suka amince da juna, a ba su iri da taki da horo a matsayin bashi. Bayan girbi kamfanin ya adana masarar, ya nema mata kasuwa, ya cire bashinsa. Ribar kamfanin ta rataya ne kan albarkar gonar manomin, kuma nan ne ƙarfin tsarin yake.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta biyan bashi. Shirin bai wa manoma lamuni da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamba 2015 ya fito da manufa mai kyau, amma ya yi fama da rashin biya, domin da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara, na kwana 150. Daga baya farashin hatsi ya sauka alhali taki bai sauka ba. Ga kuma 'yan bindiga da suka raba manoman kudancin Katsina da gonakinsu na nesa.

Saboda haka babbar tambaya a kowace yarjejeniya ita ce: idan damina ta ƙi, wa ke ɗaukar asara? Fiƙihun Musulunci ya daɗe da amsawa a tsarin mudaraba: asarar kuɗi ta mai jari ce, mai aiki ya rasa wahalarsa kawai, sai in ya yi sakaci. A bashin kayan noma kuwa, galibi manomi ne ke biya ko gona ta yi ko ba ta yi ba, sai fa inda aka haɗa da inshora. Alƙaluman alfanun da ake yaɗawa ma, yawancinsu daga bakin kamfanonin da kansu suke fitowa.