Inshorar Mallakar Gida a Amurka: Daga Ina Ta Samo Asali, Kuma Wa Take Karewa?

A ƙarshen shekarar 1816, wani manomi mai suna Thomas Lincoln ya kwashe iyalinsa daga jihar Kentucky zuwa Indiana. Cikin yaran har da ɗansa Abraham mai shekara 7, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Abin da ya tayar da su rikicin takardun gona ne. A Kentucky ta wancan zamani awon filaye ya hau kan juna, sai ka tarar da gona ɗaya mutum biyu ko uku kowa riƙe da takardarsa. Thomas ya biya kuɗi, ya yi noma, amma aka yi ta jan sa kotu. Shi kansa Abraham ya rubuta daga baya cewa matsalar takardun fili ce babban dalilin ƙaurarsu.

Yau, bayan shekara fiye da 200, duk wanda zai sayi gida a Amurka sai an yi masa wata tambaya kafin ya sa hannu: kana son inshorar mallaka taka ta kanka? Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma tun 2015 takardun bashin gida da gwamnatin tarayya ta tsara suna nuna cewa zaɓi ne, babu tilas. To a saya ko kar a saya? Amsar tana cikin tarihi.

Ofishin da ke ajiye takarda amma ba ya tsaya mata

Tun 1640 mazauna Massachusetts suka kafa dokar rubuta cinikin filaye a kundin hukuma, tsarin kuma ya bazu. Sai dai fa akwai abin lura. Akawun ofishin yana karɓar takarda ne ya buga mata hatimi ya ajiye. Ba aikinsa ba ne ya tabbatar cewa wanda ya sayar shi ne mai gidan na gaskiya.

Saboda haka mallakar gida a can kamar sarƙa take: wane ya sayar wa wane, shi kuma ya bar wa 'ya'yansa, su suka sayar wa wani, har ta iso kanka. Idan zobe ɗaya ya lalace, ko da shekara 50 da suka wuce ne, matsalar tana iya biyo ka. Wataƙila an ƙirƙiri sa hannun wani. Wataƙila akwai magajin da ba a san da shi ba, ko matar da ke da haƙƙi a gidan amma ba ta sa hannu ba. Ko kuma harajin da ba a biya ba, ko magini da ke bin tsohon mai gida kuɗin aiki. Irin wannan bashi a kan gidan yake rataye, duk wanda ya saya ya saya har da shi. Mai karatu da ya taɓa jin labarin filin da aka sayar wa mutum biyu, ko gidan gado da wani ɗan'uwa ya bayyana bayan an gama ciniki, ya san irin wannan ciwon kai.

Shari'ar da ta haifi sana'ar

A da, mai saye yakan ɗauki ƙwararre ya bi masa sarƙar nan a kundi. Haka wani mai suna Watson ya yi a Pennsylvania, ya ɗauki Muirhead. Muirhead ya ci karo da wani hukuncin bashi da ya shafi gidan, ya tuntuɓi lauya, lauya ya ce ba abin damuwa ba ne. Sai ya shaida wa Watson cewa gida lafiya lau. Ashe lauyan ya yi kuskure. Aka yi gwanjon gidan don a biya bashin, Watson ya tashi a tutar babu.

Watson ya maka Muirhead a kotu. A 1868 Kotun Ƙolin Pennsylvania ta ce Muirhead bai yi sakaci ba, tunda ya bincika kuma ya nemi shawarar masani, don haka babu diyya a kansa. Ka ga an samu giɓi ke nan: kowa ya yi aikinsa da gaskiya, amma mai saye shi kaɗai ya ɗauki asara.

A 1874 jihar ta yi dokar da ta ba da damar kafa kamfanonin inshorar mallaka, sannan a 1876 Joshua Morris da abokan aikinsa suka kafa na farko a birnin Philadelphia. Alkawarinsu shi ne: mu za mu bincika, idan kuma wani abu ya ɓullo daga baya za mu biya, ko mun yi sakaci ko ba mu yi ba.

Hanyar da ba a bi ba

Akwai wata mafitar. A 1858 Robert Torrens ya jagoranci kafa wani tsari a Kudancin Ostireliya, inda gwamnati da kanta ke tantance mai fili, ta rubuta sunansa a rajista, ta kuma tsaya wa abin da ta rubuta. Idan an yi kuskure, akwai asusun biyan diyya. Ƙasashe da dama sun ɗauki irin wannan tsari, shi ya sa inshorar mallaka ba ta yi ƙarfi a cikinsu kamar a Amurka ba.

Wasu jihohin Amurka ma sun gwada. Illinois ta karɓe shi a 1897, bayan gobarar Chicago ta 1871 ta cinye kundin filayen yankin. Amma shigar da fili cikin rajistar sai an bi ta kotu, ga tsada ga ɗaukar lokaci, kamfanonin bincike da inshora kuma suka yi ta adawa da shi. Yawancin jihohin sun watsar, sai kaɗan irin su Massachusetts da Minnesota da Hawaii da har yanzu suke amfani da shi a wasu filaye. Ita kuwa Iowa wata hanya ta bi: ta haramta sayar da wannan inshora a 1947, daga baya hukumar jiha ta riƙa ba da tabbacin da kanta.

Abin da ya ƙarasa kafa sana'ar shi ne bankuna. Bayan kafa Fannie Mae a 1938, aka shiga saye da sayar da basussukan gidaje a faɗin ƙasa. Mai kuɗi a New York da ya sayi bashin wani gida a Texas bai san lauyan garin ba, don haka yana son takardar inshora iri ɗaya da zai dogara da ita. A hankali ta zama sharaɗin ba da bashi.

To, a saya ko kar a saya?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin inshorar iri biyu ce. Akwai ta banki, wadda kusan dole ce ga mai cin bashi, kuma sau da yawa shi ke biyan kuɗinta. Amma banki kaɗai take karewa, tana kuma raguwa yayin da bashin ke raguwa. Idan magaji ya bayyana ya yi nasara a kotu, banki zai karɓi kuɗinsa. Kai kuwa, kafin alƙalamin da ka zuba da duk abin da ka biya sun tafi. Ta biyun, wato ta mai gida, ita ce taka. Sau ɗaya ake biya, tana aiki muddin gidan na hannunka ko hannun magadanka, kuma takan ɗauki kuɗin lauyan da zai kare ka.

Masu suka ma suna da hujja. Rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka na 2007 ya nuna cewa kusan kashi 5 cikin 100 kacal na kuɗin da ake karɓa ke tafiya wajen biyan diyya, kusan kashi 70 kuma wakilan kamfanoni ke riƙewa. Kamfanonin sun ce ai aikinsu rigakafi ne: inshorar mota tana jiran haɗarin gobe, tasu kuwa tana tono matsalar jiya ta gyara kafin ciniki. Duk da haka, alƙaluman sun nuna ba kasafai ake kai wa ga biyan diyya ba. Sai dai ranar da abin ya faɗa kan mutum, gida guda ake magana.

Don haka mai saye ya auna abubuwa kaɗan. Nawa ne kuɗinsa na kansa a cikin gidan? Wanda ya biya lakadan ba shi da ko inuwar binciken banki. Ta ina gidan ya fito? Na gado, ko na gwanjon bashi, ko wanda ya yi ta sauya hannu ya fi haɗari. Ya kuma karanta shafin abubuwan da kamfani ya ce ba ruwansa da su, domin duk matsalar da aka jera a wurin ba za a biya ta ba. Sannan ya tambayi farashi: sayen guda biyun a lokaci ɗaya yakan zo da rangwame, a wasu wurare al'ada ce mai sayarwa ya biya, a jihohi irin su Texas da Florida kuma hukuma ce ke ƙayyade kuɗin.

Wanda ya ƙi saye bai karya doka ba. Ya dai koma matsayin da Watson yake a 1868: an bincika masa, kuma wataƙila binciken daidai ne, amma idan an yi kuskure, asarar tasa ce shi kaɗai.