Taj: Tarihin Giyar Zuma ta Habasha

Taj giya ce da mutanen Habasha ke yi da zuma da ruwa da wani tsiro mai suna gesho. Taj sunanta ne da Amharanci. 'Yan Tigrai da Eritiriya suna ce mata mes, Oromo kuma daadhii.

Abin sha ne mai tsohon tarihi. Francisco Álvares, wani limamin coci ɗan Fotugal da ya isa Habasha a 1520, ya ambaci giyar zuma a littafinsa kan ƙasar. A da, taj ta sarakuna ce da manyan fada, talaka kuwa sai talla, giyar hatsi. A zamanin Sarki Menelik na Biyu (1889 zuwa 1913), akan shayar da dubban baƙi taj a manyan walimomin fada. A ƙarni na 20 ne ta fito kasuwa sosai, gidajen sayar da ita, wato taj bet, suka bazu a birane.

Gesho shi ne sirrin taj. Ɗan itace ne dangin magarya da kurna, kuma ɗacinsa ne ke karya zaƙin zuma. Mai haɗi takan fara da turara tulu da hayaƙin icen zaitun na daji, ta dama zuma da ruwa, ta rufe na 'yan kwanaki. Sai ta kwashe kakin da ya taso sama, ta zuba sandunan gesho, ta bar haɗin ya tsumu na makonni kafin ta tace. Ba a zuba yis na kanti, yis ɗin da ke jikin zuma da gesho da tulun shi ke aikin. Wasu gidaje sukan ƙara citta, ko kofi, ko ɓawon lemu, kuma kowace mai haɗi tana ɓoye ma'auninta.

Ana zuba taj a berele, wata kwalba mai zagayen ciki da siririn wuya, inda launinta na ruwan ɗorawa ke fitowa fili. Taj tana sa maye. Don haka Musulmin ƙasar da sauran masu gudun barasa sukan sha birz, zuma da ruwa da ba a bari sun tsumu ba. Habasha ce kan gaba wajen samar da zuma a Afirka, kuma kaso mai yawa na zumar da ke shiga kasuwa a tulunan taj yake ƙarewa.