2.3 Tarihin Zubin Waƙar Sonet da Adon Harshenta a Ingila

A wannan sashe za a duba yadda waƙar sonet ta shiga Ingila, da sauyin da aka yi wa zubinta, da kuma yadda wannan sauyi ya shafi adon harshen da mawaƙa suka yi amfani da shi wajen isar da jigon soyayya.

Sonet gajeruwar rubutacciyar waƙa ce mai ɗango 14. Ta samo asali ne a tsibirin Sisili cikin ƙarni na 13, amma wanda ya fito da ita fili shi ne Petrarch (1304-1374), mutumin Italiya, cikin waƙoƙin begen da ya tsara wa Laura. Zubinsa kashi biyu ne: ɗango takwas na farko mai amsa-amon abbaabba, inda ake kawo damuwa, sai ɗango shida na ƙarshe inda tunanin mawaƙi kan juya. Kamantawarsa ta zama abin koyi: idon masoyiya tauraro, gashinta zinariya, shi kuwa mai bege yana ƙuna yana kuma daskarewa a lokaci guda.

Sir Thomas Wyatt da Henry Howard, hakimin Surrey, su ne suka kai wannan waƙa Ingila a zamanin Sarki Henry na VIII, aka kuma buga waƙoƙinsu a kundin Tottel a 1557, bayan mutuwarsu. Da yake Ingilishi bai kai Italiyanci yalwar kalmomi masu amo ɗaya ba, sai Surrey ya sassauta tsarin zuwa baiti uku 'yan ƙwar huɗu da rufewa 'yar ƙwar biyu, wato abab cdcd efef gg, kowane ɗango da gaɓa goma.

Waƙar ta bunƙasa bayan da aka buga Astrophil and Stella na Philip Sidney a 1591, mai ɗauke da sonet 108. Edmund Spenser ya biyo baya da Amoretti a 1595, sannan aka buga sonet 154 na William Shakespeare a 1609.

Abin lura a nan shi ne sabon zubin ya ba mawaƙi damar kawo hoto uku a jere, kowane baiti da nasa, kafin ya yanke hukunci. Misali, a sonet ta 73 Shakespeare ya siffanta tsufa da ƙarshen kaka, sannan da faɗuwar rana, sannan da wuta mai shirin mutuwa. Tsawon lokacin yana ta raguwa daga shekara zuwa yini zuwa ɗan ƙanƙanen lokaci, sai rufewar ta nuna cewa kusantowar rabuwa ƙara wa so ƙarfi take yi. Da za a sauya jerin baitocin, da ma'anar ta raunana.

Haka kuma, a sonet ta 130 ya ƙi yabon masoyiyarsa da kamantawar da aka gada daga Petrarch, ya bayyana ta a matsayin mace kamar kowa, amma a rufewa ya tabbatar da darajarta a wurinsa. Wanda bai san al'adar da ake yi wa ba'a ba zai ɗauka zambo ne.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa zubi da adon harshe a waƙar sonet tafe suke tare. Manazarcin da ya tsince kamantawa da siffantawa kawai, bai kula da baitin da suka faɗo ba da wurin da tunani ya juya, to zai iya ba waƙar ma'anar da ta saɓa wa nufinta. A sashe na gaba za a nazarci ma'aunin wannan waƙa.