Tarihin na'urar karanta kati mai kwaikwayon kibod

Na'urar karanta kati ta kan tebur ƙaramar aba ce da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ake haɗawa da kwamfuta ta kafar USB. Idan ma'aikaci ya kara katin shaidarsa a kanta sai ta yi ɗan ƙara, lambar katin ta fito a duk gurbin da alamar rubutu take tsaye, kamar wani ne ya buga ta da yatsunsa. Ita kwamfutar ba ta san da wani kati ba. Abin da ta sani kawai shi ne an ƙara mata kibod, wato allon madannai, na biyu. Wannan dabara ta girmi USB kanta, kuma ko da yake an fito da hanyoyin da suka fi ta tsari tun wajen ƙarshen shekarun 1990, har yau ana cin karo da ita a asibitoci da ɗakunan karatu da masana'antu, da jikin injunan buga takardu na ofis. Abin da ya ba ta tsawon rai shi ne ba ta neman komai daga manhaja. Sai dai wahalar da ta sauke wa mai rubuta manhaja ba ɓacewa ta yi ba, komawa ta yi kan wanda zai saita na'urar.

Asalin dabarar daga kantuna da rumbunan kaya ne. Kamfanin IBM ya yi aikin katin maganaɗisu a shekarun 1960, sannan ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara sayar da kaya ta hanyar karanta bakod na tsarin UPC a wani kanti na garin Troy da ke jihar Ohayo a Amurka. Da ƙananan kwamfutoci suka yaɗu bayan fitowar IBM PC a 1981, masu kaya sun so su haɗa na'urorin karanta kati da bakod da manhajojin lissafin da suka riga suka saya. Hanyar da ake da ita ita ce kafar RS-232, amma ita tana buƙatar manhajar da aka rubuta musamman don ta saurari kafar, a kuma daidaita gudun saƙo a ɓangarorin biyu. Yawancin manhajoji kuwa ba abin da suke saurare sai kibod. Sai masu ƙera na'urori suka yi waya mai reshe biyu: kibod ya shiga na'urar, na'urar ta shiga kwamfuta. Idan mutum ya yi rubutu, na'urar ta bar shi ya wuce, idan kuma ta karanta lamba, ta tura ta da irin siginar madannai. Saboda zamanta a tsakani ne masu sana'ar suka riƙa kiranta weji, sunan kuma ya bi ta har bayan da wayar ta kau. Ta yi aiki da kan waya mai fil biyar na kwamfutocin farko, ta koma kan mai fil shida na PS/2 da IBM ya kawo a 1987.

Katin shiga ƙofa ta wata hanya ya biyo. Na'urar da ke jikin bango tana tura lamba ne zuwa akwatin da ke kula da makulli, ta tsarin da ake kira Wiegand, sunan John Wiegand wanda bincikensa kan wata waya ta musamman a shekarun 1970 ya haifar da shi. Shahararren fasalinsa yana da bit 26: takwas na lambar wuri, goma sha shida na lambar kati, biyu na duba kuskure. Wato lambobin wuri 256 ne kawai, kowanne da katuna 65,536. A 1991 aka kafa kamfanin HID a ƙarƙashin Hughes Aircraft, katunansa marasa taɓawa masu aiki kan kilohaz 125 suka cika ma'aikatun Amurka. A Turai kuma kamfanin Mikron na Ostiriya ya fito da MIFARE a 1994, mai aiki kan megahaz 13.56. Da ya zama kowane ma'aikaci yana rataye da kati a wuya, tambayar da ta taso ita ce me zai hana katin da ya buɗe ƙofa ya buɗe kwamfuta, ko ya rubuta lokacin zuwa aiki. Kamfanoni irin su RF IDeas na jihar Ilinoi, mai na'urar pcProx, da Elatec na Jamus a kan wannan buƙatar suka tsaya.

USB, wanda ya fito a 1996, shi ya kawar da waya mai reshe. An tsara shi yadda kowace na'ura za ta faɗa wa kwamfuta irin rukunin da take, kuma an tanadar wa kibod da linzami direba guda ɗaya da ke zuwa cikin tsarin kwamfutar tun daga Windows 98. Saboda haka duk na'urar da ta ce ita kibod ce, an karɓe ta ke nan ba tare da ɗora wata manhaja ba, ko a Windows ne ko Linux ko Mac.

A wajen saiti ne ainihin aikin yake, domin kati ba ya riƙe da lamba irin wadda mutum ke karantawa. Jerin bit ne a cikinsa, kuma dole wani ya yanke yadda za a rubuta su. Za a fitar da su a lissafin goma-goma ne ko a na sha shida-sha shida mai haɗa haruffan A zuwa F? Za a fara daga wane ƙarshen jerin? A katin bit 26, za a zubar da bit biyun duba kuskure, a raba lambar wuri da ta kati, ko a tura su a dunƙule? Lambar katin MIFARE na iya zama bayit huɗu ko bakwai, ta katin EM4100 kuma bit 40 ce, wadda na'urori masu araha suka saba gutsurewa su fitar da lambobi goma. Wannan ne ya sa kati ɗaya kan ba da lamba biyu mabambanta a na'urori biyu alhali babu wadda ta yi kuskure, kuma shi ya sa ma'aikatar da ta sauya na'ura ba ta kwafi saitin tsohuwar ba takan tarar rajistarta ta daina gane kowa. Bayan haka akwai abin da za a sa gaba da bayan lambar. Galibi ana rufewa da madannin Enter don a miƙa fom, ko Tab don a tsallaka gurbi na gaba. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin harafi da harafi, domin tsohuwar manhaja ko kwamfutar da ake sarrafawa daga nesa takan zubar da wasu idan an turo su da sauri. Duk waɗannan ana zaɓensu ne da ƙaramar manhajar kamfanin, a adana su cikin na'urar kanta, ta yadda ko an kai ta wata kwamfuta saitin na biye da ita. Wasu na'urorin, irin su OMNIKEY 5427 CK, shafi suke buɗewa a burauza a yi saitin a can.

Matsalar da ta fi nuna iyakar dabarar ita ce ta tsarin haruffa. Kibod ba harafi yake turawa ba, matsayin madanni yake faɗa, kwamfuta ce ke fassarawa bisa harshen da aka zaɓa mata. A tsarin QWERTY, layin sama lambobi ne kai tsaye. A AZERTY na Faransa kuwa, wanda ofisoshin Nijar da Chadi da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci suka gada, sai an danne Shift lamba take fita. Na'urar da aka saita don Amurka idan aka haɗa ta da irin wannan kwamfuta a Maraɗi ko Damagaram, lambar 2025 za ta fito a matsayin éàé( ne. Maganin shi ne a zaɓa wa na'urar ƙasar da ta dace, ko a sa ta yi amfani da madannan lambobi na gefen dama. Kamfanin Yubico ya fuskanci wannan matsala da makullinsa YubiKey na 2008, wanda shi ma kibod yake kwaikwaya, har ya taƙaita kansa ga haruffa 16 da ba sa sauya wuri a yawancin tsare-tsaren haruffan Latin.

Masu suka suna cewa wannan duk kame-kame ne, tunda akwai hanyar da aka yi domin katuna. Gaskiya ne. Tsarin PC/SC ya fito a 1997, daga baya USB ya samu rukuni na musamman na na'urorin kati mai suna CCID, kuma da su manhaja tana magana da kati kai tsaye, ta san lokacin da aka ɗora shi da lokacin da aka ɗauke. Weji kuwa hanya ɗaya yake bi, kuma idan alamar rubutu tana wata taga daban, can zai zuba lambar, ko da cikin wasiƙa ce. Amma PC/SC yana buƙatar a gyara kowace manhaja, ga shi shafin intanet na yau da kullum ba ya isa gare shi kai tsaye. Ɗakin karatun da manhajarsa ta tsufa, wanda ya rubuta ta ma ya bar sana'ar, ba shi da wannan zaɓin. Kuma masu ƙerawa da kansu sun amince da haka, shi ya sa na'urori da yawa suke ɗauke da hanyoyin biyu.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ta shafi tsaro. Lambar da weji ke bugawa ba sirri ba ce. Kamar lambar mota take, tana nuna wace mota ce amma ba ta tabbatar da wanda ke tuƙi. Kowa na iya buɗe shafin rubutu ya kara kati ya ga lambar, sannan ya buga ta da hannu. Yawancin katunan kilohaz 125 ba su da wani kulle, ana kwafe su da na'ura mai araha, kuma kullen MIFARE Classic masu bincike sun karya shi tsakanin 2007 da 2008, ciki har da Karsten Nohl da masanan Jami'ar Radboud ta Holan. Nohl ɗin ne kuma, tare da Jakob Lell, ya nuna a 2014 yadda za a sauya na'urar USB ta yi shigar kibod ta buga umarnin ɓarna, abin da ya sa wasu ma'aikatu suke hana haɗa kowane sabon kibod sai wanda aka yi wa rajista. Waɗannan hujjoji ba su da ja. Abin da suke tabbatarwa shi ne weji bai dace ya maye gurbin kalmar sirri ba, ba wai bai dace da komai ba. Wajen aron littafi ko rajistar zuwa aiki ko sakin takardar da aka tura injin bugawa, abin da ake buƙata shi ne a gane mutum da sauri ba tare da kuskuren yatsa ba, kuma yana yin hakan da kyau. Inda kuwa bayanan marasa lafiya ko kuɗi ke bayan ƙofar, dole a haɗa kati da lambar sirri da mutum ya haddace, ko a koma ga katunan da ke tabbatar da kansu ta hanyar kulle, irin su DESFire, waɗanda ake loda wa na'urar makullinsu kafin ta iya karanta abin da ke ciki.