Arthur Lewis: Shekarun Farko na Wani Masanin Tattalin Arziki

Ba tattalin arziki Arthur Lewis ya yi niyyar karantawa ba. An haife shi a 1915 a tsibirin Saint Lucia, burinsa kuwa ya zama injiniya, sai dai ya san a ƙarƙashin mulkin Turawa babu mai ba baƙar fata wannan aiki. Ya tafi Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan a 1933, ya kammala a 1937 da sakamako mafi daraja. Bayan shekara guda makarantar ta ɗauke shi koyarwa, ya zama baƙar fata na farko cikin malamanta.

Koyarwar ce ta buɗe masa ido. Friedrich Hayek ya ɗora masa darasi kan halin da tattalin arzikin duniya ya shiga tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, fannin da bai ƙware a kansa ba. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, kuma daga wannan darasi littafinsa na 1949 ya fito. A 1948, yana da shekara 33, ya zama farfesa a Jami'ar Manchester.

Can ya rubuta maƙalarsa ta 1954, inda ya nuna cewa ƙasa mai rarar ma'aikata a karkara tana iya gina masana'antu ba tare da albashi ya tashi ba, muddin ana mayar da riba cikin jari. Abin lura shi ne, a rahotonsa na 1953 ya shawarci Gold Coast, wato Ghana ta yau, ta fara da inganta noma. Nkrumah ya ɗauke shi mai ba da shawara a 1957, amma ra'ayinsu ya sha bamban, suka rabu a 1958.